Ta Ina Ruwa Yake Bi a Cikin Dutse? Daga Rijiyoyin Toranke Zuwa Tashoshin Zafin Ƙasa

Duk wanda ya daɗe a sana'ar haƙa rijiyar burtsatse a gabashin Kano ya saba da wani abu da ke ɗaure wa jama'a kai. Sai a kafa inji a ƙofar gidan wani, kafin a yi nisa ruwa ya taso har ya malale hanya. A matsa kaɗan zuwa gidan maƙwabcinsa, a haƙa har a ninka zurfin na farko, babu abin da ke fitowa sai farar ƙura. Wani ya ce rabo ne, wani ya ɗora laifin a kan mai safiyo, wani kuma ya ce masu injin ne suka yi ha'inci. Rabo gaskiya ne, amma Allah ya sanya wa kowane abu sababinsa, kuma sababin wannan yana cikin yadda ruwa yake tafiya a cikin dutse.

Tambayar da ke damun mai gida a garin Toranke, wato ta ina ruwan yake zuwa kuma ina yake tafiya, ita ce dai take hana injiniyoyi barci a Kenya da Faransa da Amurka, inda ake zuba miliyoyin daloli don a ɗebo zafin cikin ƙasa a mai da shi lantarki. Sun shafe shekaru fiye da 40 suna ƙirƙiro dabarun bin sawun ruwan da ido ba ya gani. Ya kamata mu san abin da suka gano, domin mafi yawansa ya shafi rijiyoyinmu kai tsaye.

Abin da ke ƙarƙashin ƙafafunmu

Idan ana maganar ruwan ƙarƙashin ƙasa, ƙasar Kano kashi biyu ce. Yamma da kudu, tun daga Gwarzo da Ƙaraye har Rano da Tudun Wada, tsohon dutse ne mai tauri, wanda yawancinsa ya kai shekaru miliyan 600 ko fiye. Arewa maso gabas kuwa yashi da laka na kwarin Tafkin Chadi ne suka binne dutsen, kuma kaurinsu yana ƙaruwa idan aka nausa Haɗeja da Nguru har Maiduguri. Gaya da Ajingi, har da Toranke, suna kusa da inda waɗannan biyun suka haɗu. Shi ya sa a wani wurin rijiya take ƙarewa a cikin yashi, a wani kuma sai an kutsa cikin dutse. Kogin Haɗeja ma shaida ne. Bayan ya wuce Wudil ya shiga ƙasar yashi, sai ya fara zubar da ruwansa cikin ƙasa maimakon ya ƙaru.

A cikin yashi, ruwa yana zaune ne a tsakanin ƙwayoyi, yana tsiyaya a hankali ta kowace fuska. Tun 1856 wani injiniyan Faransa, Henry Darcy, ya fitar da lissafin wannan tafiya lokacin da yake aikin ruwan birnin Dijon, kuma har yau da shi ake aiki. Wanda ya san zurfin ruwa a rijiya ɗaya a ƙasar yashi, zai iya kintatar na maƙwabciyarta.

Dutse mai tauri ba haka yake ba. Shi kansa ba ya shan ruwa. A samansa akwai ruɓaɓɓen dutse, wanda ruwan sama da zafin rana suka marmashe tsawon dubban shekaru, galibi kaurin mita 10 zuwa 30. Nan ne ruwan damina yake taruwa, nan ne kuma rijiyoyin guga suke tsayawa. Ƙasa da shi sai tsantsar dutse, inda ruwa ba shi da hanya sai ta tsagogi. Mai haƙar da ya dace da tsaga ya samu ruwa. Wanda ya kuskure ta da taku biyar ya tashi a tutar babu.

Tsaga ɗaya ta fi dubu

Tsagogin ma ba duka suke aiki ba. Masana sun tabbatar da wata ƙa'ida mai ban mamaki: idan faɗin tsaga ya ninka sau 2, ruwan da ke bi ta cikinta yana ninkawa sau 8. Idan ya ninka sau 10, ruwan yana ninkawa sau 1,000. Ke nan tsaga ɗaya mai faɗin milimita 1 tana ɗaukar ruwan da sai an haɗa tsagogi 1,000 masu kashi ɗaya cikin goma na faɗinta kafin su ɗauka. Rijiya za ta iya ratsa tsagogi da yawa, amma kusan dukan ruwanta daga ɗaya ko biyu yake fitowa.

Lamarin ya yi kama da lungunan tsohon birnin Kano. Wani lungun ya ɓulle babban titi, wani ya yi ta kewaye kafin ya fita, wani kuma a ƙofar gida ɗaya ya ƙare. Gidaje biyu da suka haɗa katanga za su iya yin nisa da juna ga mai tafiya a ƙasa, alhali gidan da ke can wata unguwa ya fi saurin isa. Haka rijiyoyi suke a cikin dutse. Kusancin da ido yake gani a sama ba shi ne kusancin da ke ƙasa ba, kuma wannan shi ne tushen dukan matsalar.

Masu neman zafi a cikin ƙasa

A mafi yawan wurare, duk kilomita ɗaya da aka nutsa cikin ƙasa zafi yana ƙaruwa da digiri 25 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyas. Inda akwai duwatsu masu aman wuta, ƙaruwar ta fi haka nesa ba kusa ba. A Larderello ta Italiya aka fara cin moriyar wannan, lokacin da Piero Ginori Conti ya kunna 'yan ƙwayayen fitila da tururin ƙasa a 1904, aka kuma buɗe tashar lantarki a can a 1913. Wairakei ta ƙasar Nuzilan ta biyo baya a 1958. A Afirka, Kenya ce ta yi zarra. Ta kunna injinta na farko a Olkaria, kusa da tafkin Naivasha, a 1981, yau kuma kimanin kashi 40 cikin 100 na lantarkin ƙasar daga zafin ƙasa yake fitowa, dare da rana, rani da damina.

Aikin yana tafiya ne da rijiyoyi iri biyu. Ta farko tana fito da ruwan zafi da tururi, tururin ya juya injin lantarki. Ta biyu tana mai da ragowar ruwan cikin ƙasa bayan ya huce. Mayarwar dole ce, saboda ruwan yana ɗauke da gishiri da sinadarai masu cutarwa da ba za a saka a rafi ba, sannan idan ana ɗiba ba a mayarwa ƙarfin ruwan yana faɗuwa. To, a nan gizo ke saƙa. Idan ruwan da aka mayar ya bi ƙananan tsagogi da yawa a hankali, zai kwashi zafin dutse ya iso rijiyar farko da zafinsa. Idan kuwa ya samu tsaga ɗaya mai faɗi ya yi yanke, zai iso da sanyinsa, rijiyar da aka kashe miliyoyin daloli a kanta ta fara mutuwa. A farkon shekarun 1980, Roland Horne na Jami'ar Stanford ya tattara abin da ya faru a tashoshin Japan da Nuzilan, ya nuna cewa ruwan da aka mayar yakan yi gudun gomman mitoci a awa guda, har wasu rijiyoyin suka yi sanyi. A ƙasar yashi, tafiya irin wannan sai ta ɗauki watanni.

Yadda ake bin sawun

Dabarar ta girmi tashoshin kansu. A kudancin Jamus akwai wurin da kogin Danub yake nutsewa cikin dutsen farar ƙasa, wani lokaci har ya ƙafe ƙaf. An daɗe ana zargin cewa shi ne yake ɓullowa a maɓuɓɓugar Aach, kimanin kilomita 12 daga wurin. A 1877 Adolf Knop ya zuba gishiri da wani rini mai suna fuloresin a inda kogin yake nutsewa. Bayan kimanin awa 60, ruwan Aach ya koma kore. Gani ya kori ji. Ruwan da aka ɗauka Bahar Aswad ya nufa, ashe ta ƙarƙashin ƙasa yake sulalewa zuwa Tekun Arewa.

Har yau tushen aikin bai sake ba. Ana zuba wani sinadari da aka san nauyinsa a rijiyar mayarwa, sannan a riƙa ɗibar ruwa daga sauran rijiyoyin ana aunawa, da farko bayan 'yan awoyi, daga baya kullum, har tsawon watanni. Sinadarin sai ya cika sharuɗɗa: babu shi a ruwan wurin tun asali, ba ya maƙalewa a jikin dutse, zafi ba ya lalata shi, ana iya gano shi ko da ɗigo ne a cikin tanki, kuma ba ya cutarwa. Fuloresin yana da araha amma zafi mai tsanani yana cinye shi. Don haka aka koma ga wasu sinadarai da ake kira naftalin salfonet, waɗanda Peter Rose da abokan aikinsa a Jami'ar Utah suka gwada suka yaɗa. Suna jure zafi, kuma iri-iri ne, ta yadda za a zuba wa kowace rijiya nata, a bambance su idan sun fito.

Daga awon ana karanta abubuwa huɗu. Ranar da sinadarin ya fara bayyana tana nuna hanya mafi sauri. Ranar da ya fi yawa tana nuna gudun akasarin ruwan. Idan ya yi yawa ya ragu, sannan ya sake yin yawa, hanyoyin sun fi ɗaya. Idan kuma aka haɗa jimillar abin da ya fito aka gwada da abin da aka zuba, an san kason ruwan da yake komowa. Babban amfanin shi ne gargaɗi da wuri. Sinadarin yana tafiya da gudun ruwa, sanyi kuwa yana zuwa can baya, domin sai ruwan ya gama huce dutsen da ke bakin tsagar tukuna. Alamar da ta fito cikin kwana uku tana iya nuna sanyin da zai iso bayan shekaru, don haka akwai lokacin rage ruwan da ake mayarwa ko a sauya rijiya.

Wani gwaji da aka yi a Soultz, a gabashin Faransa, ya dace da mu sosai saboda dutsen wurin ɗan'uwan namu ne. An haƙa rijiyoyi uku masu zurfin kilomita 5, inda zafi ya kai kimanin digiri 200. A 2005 aka zuba kilo 150 na fuloresin a ta tsakiya. Cikin 'yan kwanaki ya fito da yawa a rijiyar da ke gefe ɗaya. A ta ɗaya gefen kuwa, wadda nisanta kusan daidai yake da na farko, ya makara kuma ɗan kaɗan ne ya fito. Bayan watanni biyar ana aunawa, abin da aka samu duka bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Sauran ya bi wasu hanyoyin, ya gauraya da ruwan da ke cikin dutsen tun asali. Rijiyoyi uku a fili ɗaya, injiniyoyi ɗaya, dutse ɗaya, amma biyu sun haɗu da kyau, ta uku kuma da ƙyar.

Dabarar tana da iyaka. Tana tabbatar da cewa akwai hanya, tana faɗin saurinta, amma ba ta nuna ta ina hanyar ta bi. Tsaga ɗaya doguwa da gajeru uku a jere za su iya ba da sakamako iri ɗaya. Don haka ake haɗa ta da wasu. Ana zura kyamara a rijiya a ga tsagogin da ido. Ana saka zaren gilashi mai auna zafi a kowace mita, domin inda ruwa yake shiga zafin wurin yana bambanta. Ana kuma sauraren ƙananan motsin ƙasa da dutse yake yi lokacin da ake tura masa ruwa da ƙarfi don buɗe tsagogi, aikin da aka fara gwadawa a Fenton Hill ta Amurka a shekarun 1970. Shi ma wannan turin yana da haɗari. A Basel ta Switzalan ya jawo girgizar ƙasa mai maki 3.4 a 2006, har aka rufe aikin. A Pohang ta Koriya ta Kudu an yi mai maki 5.4 a 2017, kuma kwamitin binciken gwamnati ya tabbatar a 2019 cewa ruwan da aka tura ne ya motsa wata babbar tsaga da ba a san da ita ba.

Ko muna da wannan zafin?

Muna da alamunsa. Wikki da ke Yankari a jihar Bauchi tana zubo ruwa mai digiri 31 duk shekara. Ikogosi a Ekiti ta kai 37. Akiri a Nasarawa da Ruwan Zafi a Lamurde ta Adamawa sun haura 50. A Nijar akwai Tafadek, arewa da Agadas, inda mutane ke zuwa wanka don neman lafiya. Wadda ta fi kusa da mu a wuri da kuma irin dutse ita ce Rafin Rewa, kusa da Lere a jihar Kaduna, wadda masu bincike daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka yi rubutu a kanta. Tana fitowa ne daga tsohon dutse da zafin kimanin digiri 42, abin da ke nuna cewa ruwan ya gangara can ƙasa ta wata tsaga, ya ɗauki zafi, ya dawo da sauri kafin ya huce. A cikin jihar Kano ma akwai duwatsun Riruwai a ƙaramar hukumar Doguwa, inda aka daɗe ana haƙar kuza. Irin wannan dutse yana ɗauke da yuraniyam da toriyam fiye da na gama-gari, su kuwa suna fitar da zafi a hankali.

Amma alama daban, tasha daban. Babu duwatsu masu aman wuta a ƙasar Hausa irin na Kenya. Kafin a kai digiri 150 a yanki irin na Ajingi, lissafi ya nuna sai an haƙa kimanin kilomita 4, alhali rijiyoyinmu na burtsatse ba kasafai suke kai mita 100 ba. Garin da rana take dukansa kusan kullum, farantan sola sun fi masa araha da sauƙi ta kowace fuska. Duk wanda ya zo da alkawarin lantarkin zafin ƙasa a Toranke nan kusa, a tambaye shi zurfin rijiyar da kuɗinta. Abin da za mu ɗauka daga waɗancan injiniyoyi yanzu shi ne iliminsu na tsaga.

Inda ilimin yake da amfani yau

Na farko, rijiyoyin sola. Famfon tuƙa-tuƙa ba ya jan ruwa mai yawa, kuma yana hutawa idan masu ɗiba sun watse. Injin sumo mai aiki da sola kuwa tun hantsi yake ja har la'asar. Rijiyoyin da ke cikin tsohon dutse a Afirka galibi ba sa ba da fiye da lita ɗaya a sakan. Idan injin ya fi ƙarfin tsagar, ko kuma rijiyoyi biyu suna sha daga tsaga ɗaya, sai ka ji an ce famfon masallaci ya daina kawowa tun da aka yi na makaranta, ko rijiyoyin guga sun ƙafe kafin bazara. Gwajin wannan ba ya buƙatar wani sinadari. A kunna sabuwar rijiya yini guda cur, a riƙa auna zurfin ruwa a cikinta da kuma rijiyoyin unguwa da igiya mai alama. Duk wadda ta sauka, hanyarsu ɗaya. Da wannan awon ya kamata a zaɓi girman injin, ba da girman kuɗin kwangila ba.

Na biyu, shadda. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a bar tazarar mita 30 tsakanin masai da rijiya. Wannan yana aiki inda yashi da laka suke tace ruwa, ƙwayoyin cuta su mutu kafin su isa. Tsaga ba ta tace komai. Inda dutse yake kusa da sama kuma ramin masai ya taɓa shi, ƙazanta za ta iya yin tafiyar da ta fi mita 30 cikin kwana ɗaya. A 2021 Najeriya ta samu mutane fiye da 100,000 da ake zargin sun kamu da amai da gudawa, kuma Kano da Jigawa da Bauchi suna cikin jihohin da abin ya fi shafa. Cutar tana da hanyoyi da yawa, amma rijiyar da ba a kare ba tana cikinsu. Akwai alama mai sauƙin gani: duk rijiyar burtsatsen da ruwanta yake gurɓacewa kwana ɗaya ko biyu bayan ruwan sama mai ƙarfi, tana da gajeriyar hanya daga sama, ko ta tsaga ko ta gefen bututun da ba a liƙe da siminti yadda ya kamata ba. Irin wannan ruwan a kai shi awo. Ana iya tabbatarwa da gishiri da ƙaramar na'urar auna gishirin ruwa, amma wannan aikin masana ne. Kada kowa ya zuba wani abu a rijiyar da ake sha da sunan gwaji.

Na uku, shekarun ruwa. Akwai alamomin da ba mu muka zuba su ba. Gwaje-gwajen bama-baman nukiliya sun bar sinadarin tiritiyam a ruwan sama, wanda ya kai ƙololuwa a 1963, don haka samunsa a rijiya yana nuna ruwan sabo ne. Kabon-14 kuma yana auna dubban shekaru. Da shi aka gano cewa ruwan da ke zurfin kwarin Chadi wajen Borno ya kai kimanin shekaru 20,000. Ruwa irin wannan ba damina ɗaya ce take mayar da shi ba, kuma rijiyoyin yankin da a da suke tunkuɗo ruwa da kansu ƙarfinsu ya ragu. Ga garin da ke bakin iyakar yashi da dutse, sanin ko ruwan bana ake sha ko ajiyar dā, shi ne zai nuna yawan noman ranin da ƙasar za ta iya ɗauka.

Na huɗu, wanda ya fi duka sauƙi, rubutu. A shekarun 1980, lokacin da Jigawa take cikin Kano, hukumar raya noma da karkara ta KNARDA da tallafin Bankin Duniya ta haƙa ɗaruruwan rijiyoyi a karkara, ana auna ƙasa da na'urorin lantarki kafin a kafa inji, ana kuma rubuta abin da aka samu. Yau kuwa kowa da ɗan kwangilarsa, inji ya tashi, bayanin ya tafi da shi. Alhali mai injin ya san mitar da ya bar yashi, da mitar da ya shiga dutse, da inda ruwa ya fara ɓullowa. Rijiyar da ba ta ba da ruwa ba ma bayani ce mai daraja, domin za ta hana wani asarar kuɗinsa. Idan aka ƙara da auna zafin ruwan kowace sabuwar rijiya, a hankali taswirar zafin ƙasarmu za ta fito ba tare da an kashe ko kwabo a kan haƙa ta musamman ba.

Kira a nan ga ƙananan hukumomin Ajingi da Gaya, da hukumar samar da ruwa a karkara (RUWASA) ta jihar Kano, da dagatai da masu unguwanni, shi ne su sa ya zama sharaɗi cewa ba za a biya kuɗin ƙarshe na kowace rijiya ba sai an miƙa takardar zurfinta, da inda aka samu ruwa, da sakamakon gwajin yini guda. Jami'ar kimiyya da fasaha da ke Wudil da Jami'ar Bayero suna da ɗaliban da ke neman abin bincike kowace shekara, sai a tara musu waɗannan takardu su fitar da taswira. Kai kuma mai gida, kafin inji ya bar ƙofar gidanka, ka nemi a rubuta maka waɗannan abubuwa uku, ka adana takardar tare da ta filinka.